Garin ya mutu Malam, in sayar da kasona na gidan gado in bar Kaduna?

Ga saƙon da ya shigo min wannan satin, na ɗan rage shi saboda tsayi.

"Salam Malam, dan Allah a sakaya sunana. Ni haifaffen Kakuri ne a Kaduna, shekarata 35, mata ɗaya yara uku. Babanmu Allah ya jiƙansa shekara 19 yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan, da aka rufe aka ce su koma gida za a neme su a ba su haƙƙinsu, har ya koma ga Allah ba wanda ya neme shi. Abinda ya bar mana gida ne ɗaki biyar da shago ɗaya a waje. Mu biyar ne, maza biyu mata uku, ni ne babba. Hajiyarmu tana nan da rai amma ga hawan jini ga suga. Keke Napep nake ja na wani bawan Allah, in na kai balas na sha mai wallahi wata rana ko cefane baya isa. Ƙanwata ɗaya aurenta ya mutu ta dawo gida da yara biyu. Ƙanina kuma ya gama HND shekara huɗu ba aiki, shine ya samo dillali ya kawo mai saye miliyan 16, ya ce a sayar a ba shi kasonsa ya san inda dare ya yi masa. Ni ma gaskiya raina ya biya, don ina da aboki a Mararaba ta kusa da Abuja kullum yana cewa in taho in sayi keke nawa na kaina, wai can ake kuɗi. Hajiya ta ce sai dai bayan ranta. Yanzu gidan ba mai yiwa wani magana, ni kuma barci ya ƙaurace min. Malam garin nan ya mutu, me zan zauna in jira?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ba zan ja ka da nisa ba, kar ka yarda a sayar da gidan nan yanzu. Tafiya kuma ban hana ka ba, amma ba da kuɗin gida a aljihu ba. Kai ka haɗa abu biyu ka ɗaure su da igiya ɗaya, sayar da gida da barin gari, shi yasa kanka ya kulle, alhali kowanne zaman kansa yake.

Maganar gari ya mutu, ba zan ƙaryata ka gaba ɗaya ba don ni ma a kudancin garin Kaduna na yi ƙuruciyata kuma na ga lokacin da kai baka gani ba sai dai ka ji a bakin Baba. In aka busa jiniyar canjin aiki da rana zaka ga titi ya cika maƙil da kekuna, masu fita da masu shiga, wasu da auduga maƙale a gashin kai da gira kamar furfura, ga mata a bakin get da ƙosai da kunu da shinkafa da wake. Akwai wata mai abinci da na sani, ba ta iya karatu ba amma tana da littafin bashi, ɗanta ke rubuta mata, ma'aikaci zai ci wata guda cur bai ba da ko kobo ba, ranar albashi ya zo da kansa ya biya har ya ƙara mata na goro. Ita da ba ta taɓa taka ƙafarta cikin masaƙa ba da kuɗin masaƙa ta aurar da 'ya'yanta. Haka tela, haka mai gyaran keke, haka mai gidan haya. Masaƙar KTL tun 1957 ta fara aiki zamanin Sardauna, sannan masaƙun Nortex da Arewa da UNTL suka biyo, ga Fijo ta fara haɗa mota a 1975, ga matatar mai a 1980. Shi kansa Oshiomhole da ya yi gwamnan Edo ai a Arewa Textiles ya fara kafin ya zama babba a ƙungiyar ma'aikatan masaƙu. To sai abubuwa suka haɗu, wuta ba ta tsayawa, baƙin man da ake ƙonawa a injinan ya yi tsada, injinan sun tsufa ba a canza ba, noman auduga ya ja baya, ga atamfar Chana tana kwararowa ta Kwatano da Maraɗi a farashin da ko kuɗin zare bai kai ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ko da aka sake buɗe ta daga baya bata koma kamar da ba. A tsakani kuma ga rikicin 2000 da na 2002 da suka raba garin gida biyu, kogi ya zama iyaka, maƙwabcin da kuka yi shekara ashirin kuna musayar abincin sallah da na kirsimeti ya kwashe kayansa cikin dare. Don haka in ka ce Kadunar Baba ta mutu, eh ta mutu, kuma in akwai wanda yake ce maka ka yi haƙuri an kusa buɗe masaƙu, ka gaishe shi kawai ka wuce. Shekara ashirin da wani abu ana wannan alkawarin duk lokacin zaɓe.

Haka maganar haƙƙin Baba. Kar ku yar da takardunsa, ku haɗa katin aiki da takardar ɗauka da duk wata shaida ku sa a leda ku ajiye, in ƙungiyar tsoffin ma'aikata na taro wani ya riƙa leƙawa a sa sunanku, haƙƙi ne kuma gado ne in ya fito. Amma ka cire shi daga lissafin rayuwarka kwata-kwata. Na ga gidaje da yawa da jiran kuɗin nan ya fi rashin kuɗin yi musu illa, mutum ya ƙi kama ƙaramar sana'a wai ai kuɗinmu na hanya.

Sai dai ka lura da wani abu. Garin da ya mutu ba a zuwa a ajiye miliyan 16 a kan tsohon gida mai ɗaki biyar. Shi mai sayen mahaukaci ne? Aikin albashi ne ya mutu a Kaduna, mutane kam ƙaruwa suke, duk wanda 'yan bindiga suka kora daga Birnin Gwari da Giwa da ƙauyukan Chikun da Igabi ina yake nufa in ba cikin gari ba, je ka Rigasa ka ga yadda take faɗaɗa. Duk inda mutane ke ƙaruwa ɗaki na tsada. Wato abu ɗaya tak da kuke da shi wanda tsadar rayuwa ke ɗaga darajarsa maimakon ta cinye shi, shine kuke son ku mayar naira, nairar da kai da kanka ka ga abinda ya same ta daga 2023 zuwa yau. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lita bata kai naira 200 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Wanda ya riƙe tsabar kuɗi a tsakanin nan ya ga yadda suka narke, wanda ya riƙe bulo da kwano bai yi asara ba. Kuma ka tambayi waɗanda suka sayar da gidajensu a gigice bayan rikicin 2000, su kam ba laifinsu bane rai suke gudu da shi, amma da yawa har yau haya suke.

Zo mu yi lissafin miliyan 16 ɗin ma, don a baki tana da daɗin faɗa. In dai iyayen Baba sun riga shi rasuwa kuma Hajiya ce kaɗai matarsa, ita tana da tumuni, miliyan 2 kenan. Saura 14. Maza biyu mata uku, namiji rabon mata biyu, kashi bakwai kenan, kowane kashi miliyan 2. Kai miliyan 4, ƙaninka 4, kowace mace 2. Wannan fa kafin a cire la'adar dillali da kuɗin takardu da bashi in Baba ya bari. Toh ɗauki miliyan 4 ɗinka ka shiga wajen masu sayar da sabon keke gobe ka tambayi farashi, ka cire, abinda ya rage ka kama ɗaki a Mararaba inda hayar shekara ake biya gaba ɗaya har da na ejan, ka yi rajistar ƙungiya da tikiti da fenti, ka kama wa matarka da yara uku wurin zama ko a can ko a nan don gidan da suke kwana kyauta ya tafi. Me ya saura? Sannan Hajiya da miliyan 2 ɗinta da ƙanwarka da nata 2 da yara biyu, ina za su? Haya. Shekara nawa kuɗin zai ɗauke su ga maganin suga duk wata? In ya ƙare kuma wa za a kira? Kai ne dai babban ɗa namiji, ba ƙanin da ya karɓi nasa ya yi gaba ba. Yau kana ciyar da su amma baka biya musu haya, ranar nan zaka yi duka biyun kana ƙasar wasu.

Shi kuma abokin naka na Mararaba, ban ce maƙaryaci bane, amma na san halin 'yan ci-rani, ba mai bugo waya gida ya ce jiya a cikin keke na kwana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mararaba ɗin ma a jihar Nasarawa take, kuma cikin ƙwaryar Abuja inda kuɗin yake ba a barin keke ya yi yawo yadda ya ga dama, acaɓa ma tun 2006 aka kore shi daga tsakiyar birnin. Legas a 2022 da suka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, baburan da aka kama niƙe su aka riƙa yi, yaranmu da yawa da jarinsu kenan gaba ɗaya suka dawo gida hannu na dukan cinya. Sana'ar da sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya kashe ta da safe, ita zaka zuba gidan ubanka a ciki? Ka tambayi abokin naka abu uku ka ce ya rantse: nawa yake tashi da shi a rana bayan mai da tikiti da abinci, su nawa ne a ɗakin da yake kwana, kuma nawa ya turo gida a wata ukun da suka wuce. In amsar ta yi maka, bismillah, ka je ci-rani irin na iyayenmu, wata uku, ka ja keken wani a can kamar yadda kake ja a nan, iyalinka suna gida cikin rufin asiri, mota awa uku ce tsakaninku, ga jirgin ƙasa daga Rigasa in ta kama. In wata uku ya nuna can ya fi, ka ƙara uku. In bai nuna ba ka dawo ɗakinka na nan ba wanda ya canza kwaɗo. Amma ka gaya wa mai keken da kake ja a nan gaskiya kafin ka tafi, ka kawo masa amintaccen da zai riƙe, kar ka ajiye masa makulli kawai ka ɓace, zaka buƙace shi.

Yanzu ƙaninka, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau don na ji a saƙonka kamar kana ganin shi ne matsalar. Yaron nan yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Gado haƙƙinsa ne, Allah ne ya ba shi ba kai ba ba Hajiya ba, kuma "sai bayan raina" magana ce ta uwa mai tsoron tozarta, ba hukunci bace. In kuka matse shi ya kai ƙara kotun shari'a, alƙali zai duba in gidan na rabuwa a raba, in baya rabuwa ana iya kaiwa ga sayarwa a raba kuɗin, kun ga an yi ba a yi ba, ga gida ya tafi ga zumunci ya tafi. Shekara huɗu mutum da kwalinsa yana tashi da safe ba inda zai je, sai ya roƙi kuɗin data a wajen wa ɗan keke, abokansa wasu sun shiga caca a waya wasu sun shiga ƙwaya, shi bai ce zai yi sata ba kasonsa ya nema. Kar ku mayar da shi ɗan iska a gidan.

Abinda nake ganin ya dace, ku raba gadon nan a takarda ba tare da kun sayar ba. Ku samo malami masanin rabon gado da dattijo ɗaya daga dangin Baba da mai unguwa, a samo mutum biyu ko uku da suka san farashin gidaje a unguwar su yi wa gidan kuɗi, ba dillalin da ƙaninka ya kawo shi kaɗai ba, don dillali sauri yake a yi ciniki ya ci la'ada, kuma sau da yawa farashin farko da aka kawo wa magada masu rigima a ƙasa yake, an san kuna cikin matsi. A rubuta kason kowa, kowa ya sa hannu har matan, kuma a tambaye su da bakinsu, kar a ce ai mata ne sun yarda. Daga nan sai a zauna da shi a ce toh ga kasonka, ya kake so. Shagon nan na waje a yi masa kuɗi daban, in ya so ya ɗauke shi a cikin kasonsa ya yi sana'a a ciki ko ya ba da haya ya ci kuɗin. In kuma lallai tsabar kuɗi yake so, a shari'a ku abokan tarayya ku kuka fi cancanta ku saya kafin bare, abinda malamai ke kira shuf'a, sai ku yi yarjejeniya ku riƙa biyansa kaɗan-kaɗan, ƙannenka mata biyu da ke gidan miji wataƙila su ko mazajensu suna da halin sayen wani ɓangare, ka taɓa tambayarsu? Ko a karɓi hayar shagon ta shekara biyu gaba ɗaya a damƙa masa ya ja jari. Ba zai samu miliyan 4 a dunƙule ba, gaskiya ne, amma yaron da bai taɓa juya dubu ɗari biyu ba in ka damƙa masa miliyan 4 rana ɗaya ba gata ka yi masa ba. Kuma ka tambaye shi a hankali ina ne wannan "inda dare ya yi masa". In Kano ce ko Abuja da sauƙi. In ka ji ana maganar Agadas da Libiya ko wani ejan da zai yi masa biza in ya kawo miliyan kaza, to wannan maganar ta wuce ta gado, a tara manya.

Wani abu da zai fi amfanarsa, ya sauke girman kwalin nan ya shiga Panteka. Ba wasa nake ba. Tsohuwar Panteka makaranta ce guda, walda, aikin alminiyam, kafinta, gyaran injina, ba abinda ba a ƙerawa, akwai masu digiri a ciki da suka cire kunya. Ko ya bi masu haɗa sola, tunda wuta ta yi tsada janareto kuma ya gagari mutane, masu shago da masu gida sola suke komawa, kuma wanda ya yi boko yana saurin kama lissafin batir da fanel fiye da wanda bai yi ba. Wata shida zuwa shekara yana bin oga yana ɗaukar tsani, ya fi shekara ta biyar a kan benci.

Takardun gidan fa, suna ina? Wannan tambayar kar ka wuce ta. Yawancin gidajen ma'aikatan da, takardar ciniki ce kawai ta hannu da sa hannun mai unguwa, wata ma ta ɓace ko gara ta ci. Ka nemo ta yau, ka yi hoto ka ajiye a waya, asalin kuma a ba Hajiya ko wani dattijo amintacce, ba don ana zargin kowa ba, don dai kar shaiɗan ya raya wa wani ya kai ta jingina. Sannan ku je KADGIS, hukumar filaye ta jiha, ku tambayi yadda ake yin takardar mallaka da sunan magada, ku ji abinda ake buƙata ku fara tarawa. Kai ganau ne kan rusau ɗin da aka yi a garin nan a shekarun baya, Kasuwar Barci ma da girmanta an rushe ta a 2020. Gida mai cikakkiyar takarda ko sayarwa za a yi wata rana kuɗinsa daban ne.

Sai kai kanka da keken. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, na yarda, burinka na mallakar keke daidai ne, hanyar ce ban yarda da ita ba. Ka sayi littafi na naira ɗari biyu, wata ɗaya cur ka rubuta komai, abinda ka samu, mai, balas, tikiti, faci, shayin safe, katin waya, har ɗari biyun da kake miƙa wa abokai a majalisa. Yawancin 'yan keke da na zauna da su sun san balas sun san kuɗin mai, amma abinda ke tsakani ba su san inda yake shiga ba. Kuma tunda mai ya yi tsada yawon neman fasinja shi ke cinye ribar, ka ga keke ya taso daga Kakuri har Kasuwa da mutum ɗaya a baya. Ka nemi aikin da yake tabbas: yaran makaranta na gida uku ko huɗu da za a biya ka a wata, matan da ke sarin kayan miya a Bakin Dogo da asuba, 'yan Kasuwar Mande ranar Litinin, mai shagon da kullum sai an kawo masa kaya. Kai ɗan unguwa ne an san ubanka an san gidanku, uwa za ta yarda ta ba ka 'yarta 'yar shekara shida ka kai makaranta, a Mararaba wa ya san ka da zai ba ka? Wannan sanayyar jari ce, kuma ba ta shiga jaka a tafi da ita. In littafin ya nuna kana iya ware wani abu, ka shiga adashe na mutanen da ka sani ido da ido, sannan ka tunkari mai keken ko wani mai hali da maganar a ba ka keke ka riƙa biya har ya zama naka. Ana yi sosai, sai dai a rubuta komai gaban shaidu, jimillar kuɗin, wa ke gyara in inji ya lalace, me zai faru in ka yi ciwo sati biyu baka fita ba, don a nan ne ake cin mutane, ka biya kashi uku cikin huɗu a ƙwace a ce ka saɓa.

Baka ce komai ba kan matarka sai cewa tana nan. Ta san da maganar Mararaba kuwa? Ka zauna da ita kafin ta ji a bakin dangin miji. Kuma in tana da abinda ta iya, ɗinki ne ko awara ko ƙulle-ƙullen kayan miya, ita da ƙanwarka da ke zaune su haɗa hannu, gida mai shago a ƙofa bai kamata a ce keke ɗaya ne ke ciyar da mutum goma ba. Ita ma ƙanwar taka, yaran nan biyu suna da uba, ciyar da su wajibinsa ne ko aure ya mutu, a bi ta hannun manya, in ya ƙi akwai kotu. Kunyar wannan maganar ce ta sa kaya ya yi maka yawa.

Maganin Hajiya kuma ku daina saye ƙwaya-ƙwaya a kemis ranar da jiki ya motsa, hawan jini da suga ba sa son a sha yau a bari gobe. Ku biyar ne, a yanka wa kowa abinda zai kawo duk wata komai ƙanƙantarsa, a kai ta asibitin gwamnati tana ganin likita a kan lokaci, kuma ka je ka tambayi tsarin inshorar lafiya na jiha, KADCHMA, ka ji nawa ake biya a shekara da abinda ya ƙunsa, in ya fi muku sauƙi ku sa ta. Kai ma da ka ce barci ya ƙaurace maka, ranar da ka kai ta ka miƙa hannunka a gwada, ɗan mai hawan jini ne kai kuma kana cikin damuwa kana tuƙi. Dan Allah kar wani a tasha ya ba ka wata ƙwaya wai ta ƙarfi ko ta barci.

In zaka yi wa Hajiya maganar kar ka shiga da lissafi, ita ba miliyan take ji ba, ɗakin da mijinta ya gina da kuɗin aikin dare take gani, da tsoron a ce yau ga ta a gidan haya mai gida na ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ka shiga bayan isha'i ku biyu, ka ce Hajiya ba za a sayar ba in sha Allahu, amma ki taimake ni a fitar wa kowa kasonsa a takarda tun kina raye da bakinki, don kar mu yi abin kunya a bayanki. Ina kyautata zaton za ta yarda, kuma ita ce za ta iya kiran ƙanin naka ya zauna. Shi kuma dillali ka ce masa magada ba su gama shawara ba, kar ka karɓi ko sisin kafin alƙalami, kar kuma ka bari wani ya karɓa.

Ka rubuto min bayan wata ɗaya da abinda littafin ya nuna da amsar abokinka na Mararaba kan tambayoyin nan uku, sai mu ga ko tafiyar wata ukun ma ta taso. Ka gaida Hajiya da jiki.